Yaron da ya kasa bin sahun 'yan ajinsa

'Yata, kin tambaye ni batun yaron nan ɗan shekara huɗu da ke ajinki na nazare, wanda bai iya ƙirga abu biyar ba, bai san harafin farko na sunansa ba, kuma da an fara karanta labari sai hankalinsa ya tafi wani wuri. Kina son sanin ko ki ware shi daban, ko ki kira iyayensa ki ce yana da matsala. Ki dakata da duka biyun tukuna.

Fara da ajin gaba ɗaya. Ki zauna da kowane yaro na 'yan mintoci, cikin wasa: ki ba shi abubuwa ya ƙirga yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ki nuna masa hotuna ya faɗi sunayensu, ki ga ko kunnensa na kama kalmomi biyu da suka fara da sauti ɗaya. Ana yin haka sau uku a shekara. Tsarin taimakon yara mai matakai uku da muke bi an gina shi ne a kan ƙiyasin cewa koyarwar yau da kullum, wato matakin farko, idan ta yi kyau, za ta wadatar da kusan kashi 80 cikin 100 na yara. Kashi 15 za su buƙaci ƙari a ƙananan rukunoni (mataki na biyu), kashi 5 kuma sai an zauna da su sosai (mataki na uku). To, idan kika tarar rabin ajin ba sa iya ƙirga biyar, koyarwar ce ke buƙatar gyara. A nan ne sababbin malamai suka fi yin tuntuɓe: sai su yi ta kafa ƙananan rukunoni alhali matakin farko ne ya rushe.

Tsarin daga Amurka ya fito. A 2004 aka gyara dokarsu ta ilimin yara masu buƙata ta musamman, aka ba makarantu damar duba yadda yaro ke amsa taimakon da aka ba shi, maimakon a zuba masa ido sai ya faɗi warwas sannan a waiwaye shi. Daga baya masu bincike a Jami'ar North Carolina suka daidaita shi da ajin ƙananan yara.

Idan kuwa ajin lafiya lau yake, yaron ne kawai a baya, ki sa a duba kunnensa da idonsa. Ina matsa miki a kan wannan domin ruwa kan taru a bayan dodon kunnen ƙananan yara bayan mura, ba ciwo ba zazzaɓi, sai dai magana ta riƙa zuwa musu a dushe. Yaron da bai ji da kyau ba, ta yaya zai bambance “ba” da “da”? Ki kuma tambaya: wane harshe ake yi masa a gida? Kwana nawa ya yi fashi? Ko shi ne ƙarami a ajin? Tazarar wata goma a wannan shekarun ba ƙaramin abu ba ne.

Sai mataki na biyu. Ki haɗa shi da yara biyu ko uku masu buƙata irin tasa, minti 15, sau uku ko huɗu a mako, na tsawon mako 8 zuwa 10. Abu ɗaya tak za ki sa a gaba, misali ƙirga. Ki yi ya gani, ku yi tare, sannan ya yi shi kaɗai. Kuma don Allah kada ki ɗauke shi lokacin labari ko lokacin wasa da 'yan'uwansa. Wannan taimakon ɗori ne a kan abin da kowa ke samu. Idan kika rage masa can don ki ba shi nan, kin cuce shi.

Duk mako biyu ki sake ba shi gwajin nan na farko, ki rubuta abin da ya yi. Kada ki dogara da “ina ganin ya ɗan inganta”, domin zuciyar malami tana son ɗalibinta. Idan ya kamo, ya koma cikin sauran. Idan yana hawa a hankali, ki ci gaba. Idan yana nan inda yake, sai mataki na uku: ke da shi kaɗai, kullum, aikin a gutsuttsure, tare da iyaye da ƙwararru. Amma yaron da ba ya haɗa jimla a wannan shekarun, ko ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya a da, kada ki jira mako goma. Ki tura shi wurin likita nan take.

Iyaye kuwa, ki kira su tun yanzu, ba don ki ce yana da matsala ba, sai don ki faɗa musu abin da idonki ya gani: “Yana ƙirgawa har uku, muna aiki a kan biyar, ku riƙa ƙirga abubuwa tare da shi a gida.” Kalmar daƙiƙi kada ta fito daga bakinki, kuma kada ki bari wani ya faɗe ta a ajinki.