Zuwa ga Yayana na Kano, kan maganar ajiye mota a Yamai

Yaya, Allah ya ƙara girma. Saƙonka ya iso, kuma na ji tambayar da ka yi a fili da wadda ka naɗe a cikinta. A fili ka tambayi dalilin da ya sa na hana direbanka hawa da mota kan dakalin titi a bakin shagona, har kuka ajiye ta nesa kuka tako da ƙafa cikin rana. A naɗe kuwa cewa kake tsoron ɗan sanda ya shige mana jini, dokar Faransa ta horar da mu, zama da Zabarmawa ya sa mun manta yadda Bahaushe ke karrama baƙonsa. Ka rufe da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tunda ba kai kaɗai ke faɗar haka ba, gara in amsa inda kowa zai gani.

Da ka zauna a bakin shagon nan daga hantsi zuwa azahar, da ba ka yi tambayar ba. Dakalin da ke gabana bai wuce taku uku ba a faɗi. Daga gefensa akwai magudanar ruwa, wani wurin a rufe, wani wurin murfin ya karye ya bar rami. Idan kat-kat ɗaya, wato babbar motar jif, ta hau ta tsaya, hanyar mai tafiya da ƙafa ta ƙare ke nan. Akwai wata baiwar Allah mai tallan dambu da zogale da ke wucewa kullum, roba a ka, goyo a baya. Da ta iso jikin motar sai ta tsaya, ta dafe robar da hannu ɗaya, ta leƙa hagu, ta sauko kan kwalta a karkace. A lokacin taksi na neman tsayawa ya ɗauki fasinja, ɗan babur na kutsowa ta tsakani, ɗan garuwa na turo kurarsa da jarkoki cike, ba ya iya ja da baya. Goyon nan kansa na lilo dab da madubin mota. Bayanta ga ƴan makaranta, bayansu ga makaho da yaron da ke ja masa sanda. Mai motar kuwa yana cikin shago yana ciniki a inuwa, bai ma san an yi ba. Idan damina ta zo ruwa ya rufe bakin ramin, abin ya fi haka muni.

Garin nan ba a gina shi don yawan motar da ke cikinsa yanzu ba. A 1926 Turawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka dawo da shi Yamai, kuma lokacin samun ƴanci a 1960 mutanen garin ba su wuce wajen 30,000 ba. Ƙidayar 2012 ta tarar da fiye da miliyan 1. Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, aka sake gina ta aka buɗe a 1987, zamanin da ɗan kasuwa mai mota ana nuna shi da yatsa. Daga baya motocin hannu suka yi ta kwararowa daga Kwatano, har ya zama duk mai ɗan hali yana da tasa, amma filin ajiye su bai ƙaru ba. Gobarar Ƙaramar Kasuwa a 2012 ta watso masu kayan miya da ƴan tebur cikin lunguna. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya ta Lome da Burkina suke biyowa cikin ayari, sai manyan motoci su iso gari rututu a lokaci guda, kowa na neman inda zai sauke. An yi gadojin sama, na Mali Bero da na wajen Katako, tafiya ta yi sauƙi, amma mota in ta isa inda za ta, dole ta tsaya a wani wuri.

Ba zan ɓoye maka ba, motocin da ke hawa dakalin nan da yawansu namu ne. Ka zaga Babbar Kasuwa da Katako da Wadata ka ji harshen da ake ciniki da shi. Adarawa ne, Gobirawa ne, Katsinawan Maraɗi, Damagarawa, da irinmu da kakanni suka fito daga Kano. Alhaji zai zo da safe ya hau da motarsa bakin shago, ya bar ta har magariba, wai don idonsa ya riƙa ganinta. Wani kuma ya jera buhuna da katan-katan a wurin don kada wani ya rigaye shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, shi ya sa nake faɗa ko a taronmu na ƴan kasuwa.

Hana direbanka da na yi ba tsoro ba ne, tarbiyyar Baba ce. Kakanmu, wanda shi ne kakanka, da ya zo da fataucin goro da baƙin rini, a Zango ya sauka kamar kowane Bahaushe na lokacin. Masu gari suka ba shi wurin zama, suka ba shi ruwa, bai zo da ko taku ɗaya na ƙasa ba. Baba ya tashi da sanin haka. Kullum bayan asuba shi da kansa yake yayyafa ruwa ya share bakin shago har zuwa bakin kwalta, amma ko tabarma ba ya yarda a shimfiɗa a wurin. Yakan ce shara tamu ce, hanya ta jama'a ce. Ina yaro na ga ya fito da kansa ya sa an janye amalanken wani babban abokin cinikinsa daga wurin, saboda wata tsohuwa ta rasa inda za ta bi. Mutumin ya yi fushi ya daina zuwa na wani lokaci, Baba bai aika a ba shi haƙuri ba. Wanda ya koya mini wannan ɗan Kano ne gaba da baya, kuma a cikin karatun da ya yi a gaban malamansa ya ji cewa hanya tana da hakki, kawar da abin cutarwa daga kanta sadaka ne.

Yanzu maganar Zabarmawa, wadda na san ita ce ke cin ku a can. E, Inna Bazabarma ce daga ƙasar Doso. Matata ma haka, kuma babbar ƴata tana gidan Bazabarme. Na ji abin da aka faɗa a Kano lokacin aurena, cewa jini ya ƙare, jikokin Malam kakanmu sun ɓace. Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Matata da kuke kira bare ita ta yi jinyar Baba har ya cika, ita ke aika muku da kilishi da tukuɗi duk wanda zai tafi, kuma Hausar da ke bakinta ta fi ta wasu ƴan birni tsabta. Kawunnaina ba su taɓa ce mini ɗan baƙo ba. Ranar da aka yi gobara a layinmu su suka fara isowa da bokitai. A gidana ana tashi da Hausa a kwana da ita, yara su yi Zabarmanci da kakarsu, su yi Faransanci a lakwal, da yamma su ɗauki allo. Ku kuna jin Faransanci a maganarmu kuna dariya, mu ma muna jin Ingilishi a taku, ba mu ce kun bar Hausa ba. Kuma kada a manta, a 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Yamai garin Zabarmawa ne, mun sani, muna kuma girmama hakan, amma daga Dogon Dutse zuwa Damagaram ƙasar Hausa ce kamar Kano.

Za ka ce ai ka ga muna tare hanya da rumfar biki, ka ga samari sun kafa fada da benci da butar shayi a bakin titi. Gaskiya ne. Da ka zo da layya ma da ka ga raguna a banƙare jikin itace, an kewaye wuta da su a tsakiyar unguwa, hayaƙi ya rufe gari. Amma rumfar biki a lungun rairayi ake kafa ta, an gaya wa maƙwabta, an bar gefen wucewa, washegari an kwashe. Ƴan fada in tsohuwa ta zo wucewa suna janye ƙafa su gaishe ta. Motar da aka kulle aka tafi ba ta da wanda zai janye ta.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda ake zartar da dokar. A 2016 hukumar Yamai ta bi manyan tituna da katafila ta rushe kes-kes, wato ƙananan shaguna, da rumfunan da ke bakin hanya, ana shirin taron ƙolin Tarayyar Afirka da aka yi a nan a watan Yulin 2019. Mutane da yawa sun rasa jarinsu a safiya ɗaya, mai shayi, mai gyaran waya, tela, mai sayar da katin waya. An ce don a buɗe wa masu tafiya da ƙafa hanya ne, kuma da abin ya tsaya a haka da mun ce an yi zafi amma an yi magani. To, wurin da aka tashi mai teburin da jarinsa bai kai jika hamsin ba, yau motar miliyoyi ce ke kwana a kai. Talaka ya matsa, mai kuɗi ya samu inuwa.

Akwai ranar da yaron shagona ya jingine babur a bakin dakalin ya shigo ɗaukar saƙo. Kafin ya fito an ɗora babur ɗin a bayan mota za a kai furiya, inda hukuma ke tsare abin hawan da ta kama. Taku biyar daga wurin wata baƙar mota ce mai duhun gilashi, ƙafafunta huɗu duka a kan dakalin, tun safe take nan. Ba wanda ya ko ƙwanƙwasa gilashinta. Yaron yana da laifi, na kuma biya abin da aka ce in biya, amma duk layin sun ga abin da ya faru, kuma darasin da suka ɗauka shi ne doka tana duba girman abin hawa kafin ta yi magana. Haka za ka ga motar ma'aikata ta hau dakali a bakin ofis, mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Ni a ganina daga manyan nan ya kamata a fara. Ranar da mutanen kasuwa suka ga an ja motar babban Alhaji ko ta babban ma'aikaci, ya je da ƙafarsa ya biya ya karɓo, ranar za a daina hawa dakali ba tare da an kori kowa da kulki ba. Tarar kuma ta zama sananniya, a rubuce a allo a bakin titi, a biya a ofis a karɓi takarda mai hatimi. Muddin ana iya sasantawa ta tagar mota, mai kuɗi ya sayi dakalin ke nan, kullum yana biyan haya ga aljihun wani. Kafin a ci tarar mutum a nuna masa inda aka hana da fenti da alama, a kuma yi shela a rediyo da Hausa da Zabarmanci, don direban da ya shigo daga Ƙonni ko Gaya ba allon Faransanci zai tsaya karantawa ba.

Sannan a ba mutane inda za su ajiye. Akwai filaye a kewayen kasuwanni da ma'aikatar magajin gari za ta iya keɓewa. Yaran da ke gadin mota yanzu ana ba su dala 20, wato sefa 100, su ne suka fi kowa sanin wace mota ce ta wa. A ba su riga da tikiti su yi aikin a fili, su ma su samu abin kai wa gida. Manyan motocin kaya a sa musu lokacin saukewa, bayan isha ko kafin gari ya waye, ƴan dako ma sun fi son sanyin lokacin. A wuraren da yara ke bi, bakin makarantu da asibitoci, a kafa turakun ƙarfe ko na siminti a gefen dakalin yadda taya ba za ta iya hawa ba, wannan ba ya buƙatar ɗan sanda ya tsaya a rana. Kuma kada a tsallake shugabannin ƴan kasuwa da masu unguwa da limamai. A cikinmu akwai wanda ba ya jin kunyar tara, amma yana jin kunyar a kira sunansa a gaban dattawan layi.

Ku ma a can kuna da KAROTA, hukumar kula da ababen hawa a tituna, kuma ka fi ni sanin yadda bakin Kantin Kwari yake da rana tsaka, don haka ciwon ba namu ne mu kaɗai ba. Abin da na fi tsoro a nan shi ne aikin kwana uku: in babban baƙo zai zo a share gari a ja motoci, in jirginsa ya tashi kowa ya koma inda yake. A layinmu dai mun yi magana mu shida masu shago a jere, mun yarda ba mai hawa da mota, namu ko ta baƙonmu, kuma mun haɗa kuɗi za mu sa a zuba sabon murfi a kan ramin nan kafin ruwan farko. A gaida Hajiya da yara. Inna na gaishe ka, ta ce har yanzu ba ka aiko mata da hoton jikan da aka haifa ba.