Tambayi Likita: Daga Ina Ruwa Ke Shiga Huhu?

Tambaya: Likita, mahaifinmu ya kwanta da nimoniya, an ce huhunsa ya cika da ruwa har an sa masa na'urar numfashi. Daga ina ruwan ya fito?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ruwan daga jininsa ya tsiyayo. Ƙananan jijiyoyin jini da ke zagaye da jakunkunan iska na huhu kamar rariya suke mai matsattsun ido: iskar oksijin na wucewa, amma ruwa da furotin na jini ba sa fita. Idan ciwo ya yi tsanani, fararen ƙwayoyin jini sukan yi wa huhu taron dangi, garin yaƙar ƙwayoyin cuta su raunata bangon jijiyoyin. Sai idon rariya ya buɗe, ruwa da furotin na jini irin su albumin da fibrinojin su malala cikin jakunkunan. Fibrinojin ya daskare ya manne a bango, ya kuma lalata santsin da ke hana jakunkunan rufewa. Shi ya sa za ku ga Baba na haki, leɓensa ya yi duhu ko da an ba shi oksijin. Wannan yanayi shi ake kira ARDS, likitoci a Denver ta Amurka suka fara bayyana shi a 1967. Idan kun ga ana kwantar da shi rub-da-ciki, kada hankalinku ya tashi, magani ne.

Tambaya: An ce CRP na ɗana ya hau sosai. Cuta ce?

Amsa: A'a, Hajiya. Furotin ne da hanta ke saki idan akwai kumburi a jiki. Alama ce kawai, ba ta faɗin inda ciwon yake.

Tambaya: An yi wa matata ƙarin jini bayan haihuwa, sai numfashinta ya sarƙe. Jinin ne bai dace ba?

Amsa: Malam, ko rukunin jini ya dace hakan na iya faruwa, ko da yake ba kasafai ba. Wasu garkuwoyin furotin a jinin wanda ya bayar sukan tunzura fararen ƙwayoyin mai karɓa, huhu ya jiƙe cikin awa 6. Yawan ruwa a jiki ma na kawo irin haka, kuma maganinsu daban ne. Da zarar haki ya fara ana cikin ƙarin jini, a kira nas nan take ta tsayar da ledar, kada a jira ta ƙare.