Tambaya da Amsa: Zuba Kifi a Akwatin Gilashi da Komawa Babban Akwati

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A watan jiya na saya wa yarana akwatin kifi na gilashi mai tsawon santimita 60, faɗin 30 da zurfin 30. Ranar da na kawo shi na cika shi da ruwan famfo, na zuba kifin zinare 4 da ƙananan kifayen ado da ake kira gupi guda 10. Kafin mako ya zagayo ruwan ya yi hazo, kifayen suna tasowa sama suna haki, biyar kuma sun mutu. Na kwashe komai na wanke da sabulu, amma mutuwar ba ta tsaya ba. Shin akwatin ne ya yi kaɗan, in nemi babba? Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwatin ya yi wa kifayen da ka zuba kaɗan, amma ba ƙanƙantarsa ce ta fara kashe su ba, kuma ko da gobe za ka sayo wanda ya ninka shi uku, muddin ka zuba kifi da yawa a ranar farko, abin da ya faru zai iya sake faruwa. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta numfashinsa da kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe ma amoniya yake zama. A kogi ruwa yana tafiya da ita, a cikin gilashi kuwa ba ta da inda za ta je. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke maƙale a soson matatar ruwa da jikin tsakuwa. Wani rukuninsu yana mayar da amoniya naitirayit, wanda shi ma guba ne domin yana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin, sannan wani rukunin ya mayar da shi naitiret, mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta hanyar canjin ruwa.

Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyin, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya ɗauke dattin kifi. Hazon da ka gani da hakin da kifayen suke yi alamun wannan giɓin ne. Wankin da ka yi kuwa, duk da cewa da kyakkyawar niyya ka yi shi, ya kashe ɗan abin da ya fara tsirowa, ga shi sabulu kansa yana cutar da kifi ko da kaɗan ya rage. Kada sabulu ya sake taɓa gilashin, ko soson, ko bokitin da kake ɗibar ruwan da shi.

Ruwan famfo ma yana da nasa haɗarin, domin kilorin da ake saka masa yana kashe bakteriyar kuma yana ƙona wuraren numfashin kifi. Idan aka bar ruwan kwana ɗaya a buɗaɗɗen mazubi kilorin yakan fita, sai dai akwai nau'in da ake kira kiloramin wanda ba ya fita ta wannan hanya, saboda haka maganin cire kilorin da ake sayarwa a shagunan kifi ya fi kwanciyar hankali. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kilorin, amma yakan fito da ƙarancin oksijin, don haka a bar shi ya sha iska tukuna.

Idan ka ninka 60 da 30 da 30 ka raba da 1,000, za ka samu lita 54, kuma tsakuwa za ta cinye wani abu daga ciki. Kifin zinare yana kaiwa santimita 15 zuwa 20, yana wuce shekara 10 a duniya idan ya samu kulawa, yana da yawan kashi, kuma ya fi son ruwa mai sanyi, alhali gupi yana son zafin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. Shawarata ita ce ka mayar da kifin zinaren shago ko ka ba mai kududdufin kiwo, ka riƙe gupin da suka rage. Ka riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kullum har hakin ya tsaya, ka ba su abinci sau ɗaya a rana gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 2, ka kuma nemi kayan gwajin ruwa. Sai amoniya da naitirayit sun nuna sifili za ka fara ƙara kifi, uku ko huɗu bayan kowane mako biyu, kuma gupi 8 sun ishi wannan akwati, musamman da yake macen tana haihuwa kusan duk wata. Idan mai shago ya nuna maka baƙin kifin nan mai manne wa gilashi ya ce zai share maka gansakuka, ka tambayi girman da yake kaiwa, domin wanda aka fi sayarwa yana wuce santimita 30.

Tambaya: Malam, shekara biyu ke nan ina da akwati mai lita 70 kuma kifayena lafiya ƙalau. Yanzu na sayi mai tsawon santimita 120, faɗin 40 da zurfin 50. Yaya zan mayar da su ba tare da asara ba, kuma me ya dace in ƙara? Ina kuma fargabar sanyin hunturu da ɗaukewar wuta. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, sabon akwatinki lita 240 ne, kowace lita kuwa kilo ɗaya ce, don haka idan aka haɗa da gilashi da tsakuwa nauyin zai kusanci kilo 300. Teburin falo ba zai ɗauka ba. Ki sa a yi masa mazauni na ƙarfe ko katako mai kauri wanda ya daidaita ta kowane ɓangare, a shimfiɗa siririn soso a ƙarƙashin gilashin, a kuma nisanta shi da tagar da rana ke shigowa, domin hasken rana yana ɗumama ruwa yana haifar da gansakuka.

Abu mafi daraja da kike da shi a yau shi ne tsohon soson matatarki, domin a jikinsa bakteriyar shekara biyu take. Ki ɗauke shi a jiƙe, ki ɗauraye shi kaɗan a cikin ruwan tsohon akwatin, ba a bakin famfo ba, ki bar tsohuwar matatar tana aiki tare da sabuwar na tsawon mako 4 zuwa 6. Tsohon ruwan ba ya ɗauke da bakteriya mai yawa, amma zuba shi yana rage wa kifin firgicin sauyi, kuma wajibi ne zafin akwatunan biyu ya zo ɗaya kafin ki kwashe su. Ki jira mako biyu ko uku kafin ki sayo sabon kifi. Tsohon akwatin kuma kada ki sayar da shi, ki mayar da shi wurin killace sababbin kifi na mako 2 zuwa 4, domin cutar fararen ɗigo a jikin sabon kifi takan shigo. Idan kin kawo su, ki bar ledar tana yawo a saman ruwan minti 15 zuwa 20, sannan ki kamo su da raga ba tare da zuba ruwan shagon ba.

Kifaye irin su tetira a garke suke rayuwa, kuma ƙasa da shida sukan takura su ɓuya, saboda haka garke ɗaya mai kifi 12 ya fi nau'i huɗu masu kifi uku-uku kyau da lafiya. Ina so ki duba kifin da ake kira kiribensis, wanda asalinsa kudancin Nijeriya ne da gaɓar Kamaru kuma masu kiwo a duniya suna ji da shi. Mace da namiji sun isa, a kifa musu fasasshiyar tukunyar ƙasa su yi ɗaki, amma ki sani idan suka yi ƙwai sukan kori duk kifin da ke zama a ƙasa. Tsiron anubiyas, wanda shi ma ɗan yammaci da tsakiyar Afirka ne, ba ya buƙatar haske mai ƙarfi. A ɗaure shi a jikin dutse ko itace, kada a binne kaurin saiwarsa don zai ruɓe. Fitilar awa 6 zuwa 8 a rana ta wadatar.

A daren Disamba da Janairu ruwa yakan yi sanyin da ke raunana kifin ƙasashe masu zafi, don haka ki nemi hita mai daidaita kanta, wat 200 zuwa 300, tare da ma'aunin zafi. A bazara kuma ruwa mai zafi yana riƙe oksijin kaɗan, sai a ƙara kumfar iska a kunna fanka a saman ruwan, ba a jefa ƙanƙara ba. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, famfon iska mai batir shi ne zai cece su. Ki ciro soson matatar ki ajiye kusa da kumfar, ki dakatar da abinci, ki lulluɓe akwatin da bargo idan lokacin sanyi ne.

Tambaya: Zan iya zuba ƙananan tarwaɗa ko karfasa ko kurungu da masunta suka ba ni a cikin akwatina? Daga wani ɗalibi a Yawuri.

Amsa: Ɗana, tarwaɗa tana girma da sauri har ta wuce rabin mita, kuma tana haɗiye duk kifin da ya shiga bakinta, karfasa kuma tana tone ƙasa ta cinye tsirrai, don haka kududdufi ya fi dacewa da su. Ƙaramin kurungu zai iya zama a akwati mai lita 200 ko fiye idan ka tanadar masa maɓoya da murfi, bayan ka killace shi mako 4 saboda ƙwayoyin cutar kogi, kuma ba tare da ƙananan kifaye irin gupi ba. Idan kuwa wani kifin da ka saya a shago ya fi ƙarfin akwatinka, ka mayar da shi shagon ko ka ba wani mai kiwo, kada ka sake shi a kogin Neja, domin baƙon kifi yana iya kawo cuta ko ya yaɗu ya takura kifayen da masunta ke dogaro da su.