Na yi kwana tara ban je aiki ba, shin za a iya korata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni akawu ne a wani kamfani mai zaman kansa a cikin garin Sakkwato, shekarata huɗu ina aiki da su. A watan jiya aka sanar da ni cewa mahaifiyata tana kwance ba lafiya a Wurno, sai na tafi ban nemi izini ba, saƙo kawai na bar wa abokin aikina. Na yi kwana tara ina jinyarta. Da na dawo na tarar da takardar tuhuma tana jirana, kuma an ce za a zabtare mini albashi. Shin doka ta ba su ikon korata? Daga mai karatu, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ya saka maka da alheri bisa jinyar da ka yi. Sai dai, Malam, zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: uzurinka karɓaɓɓe ne a wurin jama'a, amma a idon doka ka yi fashin aiki ba tare da izini ba, domin saƙon da aka bar wa abokin aiki ba izinin shugaba ba ne.

Mutane da yawa suna dogara da sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wanda ya ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara tare da albashinsa. To, wannan hutu na rashin lafiyar ma'aikacin ne shi kansa, kuma sai da shaidar likita mai rajista. Bai haɗa da jinyar uwa ko mata ko ɗa ba. Saboda haka kamfanin yana iya ƙin biyanka kuɗin kwanakin da ba ka yi aiki ba. Abin da ba shi da ikon yi shi ne ya ɗora maka tara a kan haka, domin sashe na 5 ya hana cire kuɗi daga albashi da sunan tara.

Batun kora kuwa, akwai bambanci tsakanin sallama da kora, kuma a nan nake so ka natsu. Idan sallamarka za a yi, sashe na 11 ya ce wanda ya yi shekara biyu zuwa ƙasa da biyar yana aiki sai an ba shi sanarwar mako biyu, ko a biya shi kuɗin da ke madadinta, sai fa idan takardar ɗaukarka aiki ta tanadi fiye da haka. Amma wannan sashen bai hana a kori mutum nan take ba idan laifinsa babba ne, kuma kamfanoni da yawa sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa fashin wasu kwanaki a jere babban laifi ne, har a ɗauka mutum ya yi watsi da aikin. Ga ma'aikatan gwamnati ma, ƙa'idojin aikin gwamnati sun sa fashi ba izini cikin manyan laifukan da ke iya kai wa ga kora.

Abin da ya rage a hannunka shi ne takardar tuhumar nan, kuma ina roƙonka kada ka yi fushi ka ƙi amsa ta, ko ka wadatu da tura dattijo ya ba manaja haƙuri. Ban haƙuri yana da kyau, amma kotu takarda take dubawa. Ka amsa a rubuce cikin wa'adin da aka ba ka, ka amsa kuskurenka na rashin neman izini, ka bayyana dalili, ka haɗa da katin asibiti ko takardar magani, ka ambaci shekaru huɗun da ka yi, sannan ka ajiye kwafin da aka sa wa hannu cewa an karɓa.

Idan duk da haka aka kore ka ba tare da an saurare ka ba, ko aka riƙe maka haƙƙoƙinka, ka fara da kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Sakkwato domin a yi sulhu. Idan ya ci tura, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin wannan shari'a bisa sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki. Kafin ka je, ka nemo takardar ɗaukarka aiki ka kai wa lauya ya karanta.