Kabarin Nora Bayes a Woodlawn: Ina Yake, Kuma Zan Iya Wanke Duwatsun?

Tambaya: Malam, a Bronx ta birnin New York nake zaune, ina kuma nazarin mawaƙan bodabil, wato tsohon wasan dandamali na waƙa, rawa da barkwanci na Amurka. Na ji an ce kabarin Nora Bayes ba shi da alama. Hankalina ya tashi. Ina son in je, har in ɗauki bilic in wanke duwatsun da gansakuka ta rufe. Ya halatta?

Amsa: 'Yar'uwa, labarin da kika ji ya tsufa. Bayes ta rasu da ciwon daji ranar 19 ga Maris 1928. Mijinta na biyar, Ben Friedland, ya bar gawar a ɗakin ajiya na maƙabartar Woodlawn shekara 18, sai da ya mutu a 1946 aka binne su tare ba dutse. A Afrilun 2018 masoyanta suka kafa mata. Abin da ciwo, domin macen da ta rera "Shine On, Harvest Moon" a shahararren wasan dandamali na Ziegfeld Follies na 1908, aka kuma sa wa gidan wasa sunanta a Broadway, unguwar gidajen wasan New York, ta fi ƙarfin mantuwa.

Hau jirgin ƙasa mai lamba 4 har tashar ƙarshe, ƙofar Jerome Avenue na nan kusa. Maƙabartar ta kai eka 400, don haka karɓi taswira da lambar filin kabarin a ofis.

Bilic kuwa, don Allah ajiye shi a gida. Kullum sai na ga bidiyon wani gwanin intanet yana kwarara shi, dutse ya yi fari fat, jama'a na yaba masa. Ba ya komawa ya nuna abin da ya biyo baya. Dutse yana shan ruwa. Bilic ya shige, ya bushe, ya bar gishiri a ciki, gishirin ya kumbura ya ci dutsen. Farin mabul ya koma rawaya, fuskarsa ta riƙa zuba kamar sukari, haruffa su shafe, kuma ba mai dawo da su. Ruwan khal narka mabul yake. Buroshin ƙarfe yana karce shi, ya bar tsatsa. Injin feshin wankin mota yana ɓantare gefuna. Masu shafa alli ko kumfar aski don rubutu ya fito, ɓarna ce su ma. Madubi za ki riƙe ki karkato hasken rana ta gefe, rubutun zai bayyana.

Sannan filin kabari na iyalin mamaci ne, ba a taɓawa sai da izinin ofis. In an ba ki: ruwa kamar lita 20, buroshi mai laushi, ki jiƙa dutsen sosai, ki goge daga ƙasa zuwa sama, kina ɗaurayewa. Gansakuka mai taurin kai, a fesa mata D/2, wato ruwan maganin wanke duwatsun kabari, a bar shi ya yi makonni yana aiki. Kada ki wanke a lokacin ƙanƙara, dutsen da ya tsage ko yake girgiɗi kuwa ki sanar da ma'aikata.