Da me zan zuƙe ruɓaɓɓen kulan daga tankin inji?

Tambaya: Assalamu alaikum injiniya. Ina da shago a nan Gombe, muna wasa karanshaf da sassaƙar ƙarfe. Farin ruwan nan da ke sanyaya aiki, wato kulan, in ya kwana biyu a tankin ƙasan inji sai ya dinga wari, yarana da gwangwani da tsumma suke kwashewa, rabin yini yake ci. Na saka ƙaramin famfon ruwa sai ya toshe daga baya ma ya ƙone. Dan Allah wane irin na'ura ya kamata in nema?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Toh kafin mu je batun saye, famfon naka ba ruwan ne ya kashe shi ba, abin da ke kwance ƙarƙashin ruwan ne. In ka zura sanda har gindin tankin injin wasa za ka ji ta nutse cikin wata baƙar laka mai danƙo, wato garin ƙarfe da garin dutsen wasa da mai duk sun haɗu sun kwanta, musamman in kuna yawan aikin kas, wato ƙarfen zubi. Famfon ruwa na gida farfela gare shi da sil mai hana ruwa yoyo, an yi shi ne dan ruwa mai tsabta, da ya ja wannan lakar sai ta cinye sil ɗin ta cushe farfela, motar famfon ta yi ta gurnani har ta ƙone. Ko sumo ka jefa ciki labarin ɗaya ne, zai ɗauke ruwan sama ya bar maka lakar, alhali lakar ce matsalar, dan a cikinta ƙwayoyin da ke ruɓar da kulan suke zaune. Ka zuba sabon ruwa a kanta, sati biyu bai cika ba warin ya dawo.

Saboda haka abin da kake buƙata na'ura ce mai zuƙa, wadda dattin ba ya bi ta cikin mota kwata-kwata. Yadda take aiki shine ana janye iskar da ke cikin rufaffen duro, sai iskar waje ta danno ruwan da lakar ta cikin tiyo su faɗa duron, shikenan. Manyan kamfanoni suna da ta musamman mai taya, tanki ne da kwandon raga a sama, ɓarɓashin ƙarfe ya tsaya a kwando ruwa ya wuce ƙasa, in an gama a juya makunni ta maido ruwan cikin inji. Tana da kyau sosai amma kuɗinta ya fi ƙarfin shago mai inji biyu ko uku, kuma odarta ake yi daga waje, ban ba ka shawarar ta ba.

Akwai ƙaramarta da ake ɗaurawa a kan duro mai lita 200, da iskar kwamfireso take aiki, ba waya ba mota ba abin da ke juyawa a ciki. Iska ce ke wucewa da gudu ta wani tsukakken rami sai ta ja iskar duron ta fita da ita. Kamfanin EXAIR na Amurka yana yin irinta, sun ce tana cika duro cikin daƙiƙa 90, kuma in ka murɗa ta sai ta turo ruwan waje. Amma fa ka duba kwamfiresonka tukuna, nan ne mutane ke asarar kuɗi. Tana shan iska wajen lita 500 da ɗoriya a minti ɗaya a kan matsin iska bar 5 zuwa 6 a agogon kwamfireso, wato sai kwamfireso mai ƙarfin doki 5 ko sama. Ɗan ƙaramin nan mai tankin lita 50 zai ja na 'yan daƙiƙu ne ya sauke, ka tsaya jira ya cika, ga kuma yadda wuta take, in a janareto kake to ka lissafa man da zai sha.

Ni in ni ne kai ga abin da zan yi, kuma duk kayan za ka samu ba sai ka wuce Kano ba. Ka nemi injin shara mai zuƙar ruwa, irin na masu wankin mota da kafet, ka tabbata an rubuta yana jan ruwa ba ƙura kaɗai ba. Kar ka zura bakinsa cikin tanki kai tsaye, ka sa duron ƙarfe a tsakani. Duro mai rufaffen kai baki biyu gare shi, babba mai inci 2 da ƙarami. Tiyon da zai shiga tankin inji ka haɗa shi a babban bakin, mai walda ya faɗaɗa maka ƙaramin ya ɗora guntun bututu ka haɗa injin sharar a nan, a liƙe ko'ina da roba kar iska ta shiga. Sai dai kafin wuta ta taɓa duron a wanke shi a cika shi da ruwa, duron da aka taɓa zuba fetur ko tina (ruwan tsinka fenti) ma a bar shi gaba ɗaya, yana fashewa da mai walda. In ka kunna, duk datti a duro zai zauna, iska kawai ke isa wajen mota. Irin wannan injin yana iya ɗaga ruwa kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, duro kuma tsayinsa bai kai mita ɗaya ba, ka ga ya isa. Ka dai sa yaro yana lura kar duron ya cika ruwa ya haura cikin injin. Duron roba ko na ƙarfe da ya lotsa kar ka yi amfani da shi, da bakin tiyo ya toshe za ka ga ya lanƙwashe ciki.

Tiyon ma ba kowanne ba. Ka sayi mai zagayen waya a jikinsa, inci ɗaya da rabi, na ban ruwa mai laushi manne bakinsa yake da an fara ja. A ƙarshensa ka sa bututun ƙarfe kamar kamu biyu, ka daddaƙe bakin ya yi faɗi dan ya shiga lungu ya kankare gindin tanki. Dogayen zaren ƙarfe na injin sassaƙa kuwa a fara ɗebe su da ƙugiya, su ne ke cushe tiyo. Ga wata dabara mai arha: mayen ƙarfen tsohuwar sifika, ka sa shi cikin leda mai kauri ka ajiye inda ruwa ke komawa tanki, da yamma ka ɗago za ka ga garin ƙarfe ya yi masa gashi baƙi ƙirin, ka zare mayen daga ledar garin ya zube a bokiti. Wannan kaɗai yana rage lakar sosai, amma ba ya kama alminiyam da garin dutse.

In kana da kwamfireso matsakaici akwai kuma famfo mai fatar roba biyu da iska ke bugawa, shi yana jure laka kuma ko ruwa ya ƙare ba ya ƙonewa, sai dai a sa masa raga a baki. Famfon hannu na juyen mai daga duro ruwan sama kawai zai iya.

Abu biyu nake roƙonka. Kar yaro ya ja tiyo da baki kamar yadda ake jan fetur, ruwan nan cike yake da ƙwayoyin cuta, in ya sarƙe mutum ya shiga huhu ba ƙaramin ciwo ba ne, kuma su sa safar hannu dan yana sa ƙaiƙayi da tsagewar fata. Na biyu, injin shara na lantarki kar ya taɓa jan fetur ko kananzir ko tina, tartsatsin mota kaɗai ya isa ya tada gobara. Injin da za a wanke ma a kashe shi daga babban makunni.

Batun wari kuma. Man giya da man da ake sa wa hanyar inji suna ɗiga cikin tanki su yi fata a saman ruwan, iska ta daina shiga, sai ƙwayoyin da ba sa son iska su yi yawa suna fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai, shi ya sa ya fi tashi ranar da aka dawo aiki bayan hutu, kuma zafin Maris da Afrilu na Gombe yana ƙara musu sauri. A dinga yaye man nan kullum da safe kafin a kunna famfo. In ka zuƙe tsohon ruwan ka wanke tanki da raga da bututu, ka zagaya ruwa mai tsabta ka sake zuƙewa, bilic ko maganin wanke bayi kar su shiga, tsatsa za su jawo maka. Wajen haɗa sabo man kulan ake zubawa cikin ruwa ana juyawa, ba ruwa cikin mai ba. Yawanci aikin wasa kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ne, sassaƙa 5 zuwa 10, amma ka bi abin da ke jikin jarkar. In ruwan burtsatsenku ba ya kumfa da sabulu to yana da nauyi, zai iya tsinka haɗin, gara ka nemi wani.

Wanda ka zuƙe ka bar shi a duro ya kwana biyu, mai ya taso ka yaye ka haɗa da baƙin mai, lakar ka shanya ta bushe. Kar a malala shi a kwata ko kusa da rijiya, ka tuntuɓi GOSEPA, hukumar kula da muhalli ta jihar Gombe, su nuna maka inda za a kai shi.