Tambaya da Amsa: Wace rigima ce a Ishaya sura 7?

Tambaya: Malam barka da aiki, don Allah a Ishaya 7 su wa ake kira guntayen itace biyu masu hayaƙi? Mun karanta a zumuntar mata amma ba wadda ta gane. Daga wata 'yar'uwa a Zuru.

Amsa: To 'yar'uwa, ai maganar yaƙi ce. Wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Almasihu, Rezin sarkin Dimashƙu da Feka sarkin Isra'ila suka haɗa kai suka taso wa Urushalima don su tuɓe Ahaz sarkin Yahuza su naɗa nasu, a lokacin kuwa Assuriya ta addabi kowa a yankin. Su biyun nan ne itacen, wato wutarsu ta kusa mutuwa saura hayaƙi kawai, shi ya sa Ishaya ya ce wa Ahaz ya kwantar da hankalinsa. Amma ina, tsoro bai bar shi ba, sai ya kwashi azurfa da zinariya na Haikali ya aika wa Tiglat-filesar sarkin Assuriya don ya kawo masa taimako. A ganina nan ya tafka kuskure, don Yahuza ta koma biyan haraji ga Assuriya. Dimashƙu dai ta faɗi a hannun Assuriya a 732, Samariya babban birnin Isra'ila a 722, duk kafin haihuwar Almasihu. Ku haɗa da 2 Sarakuna 16 in za ku sake karantawa.